Gani Ya Kori Ji A Ajin Turanci

Na sani tun daga ganin kan wannan magana wasu 'yan ƙungiyarmu za su ɗaure fuska, su ce me ya kawo zancen Turanci cikin mujallar Hausa, kuma daga alƙalamin ɗalibin Hausa? To, ku yi haƙuri ku bi ni zuwa ƙarshe. In kun ga na kauce hanya, ga fili nan, sai ku mayar mini da martani a fitowa ta gaba.

Ni mutumin Yelwan Yauri ne, can na yi firamare da sakandare. Na fita da kiredit a Turanci, har mahaifina ya riƙa nuna wa abokansa takardar sakamakon a bakin kasuwa. Da wannan kiredit na shigo jami'a ina taƙama. Ranar da na fara shiga babbar laccar da ake haɗa dukkan sababbin ɗalibai, malamin ya ɗauki lasifika ya yi ta zuba Turanci har sa'a guda. Na kasa kunne iyakar kasawa, amma da aka tashi, layi huɗu kaɗai ke cikin littafina. Da dare na ari littafin wani abokina da ya tashi a Kaduna, na karanta shafi uku da ya rubuta. Wallahi babu kalma ɗaya a ciki wadda ban sani ba. Duk na san su a takarda, na sha rubuta su a jarrabawa. Da suka fito daga bakin mutum ne suka zame mini baƙi.

Ba ni kaɗai ba ne. Na tambayi 'yan'uwa da suka fito daga Ngaski da Wara da Shanga, kowa ya ba ni labari irin nawa, sai dai kunya ta hana a faɗa a fili. Ɗaya daga cikinmu, yaro mai kaifin lissafi wanda muka fito aji ɗaya, shekara guda ya yi ya tattara kayansa ya koma gida. Mutanen unguwa suka ce boko ne bai karɓe shi ba. Ni kuwa da na kwana ɗaki ɗaya da shi, na san abin da ya kore shi: yana zaune a gaban malami kullum, amma kamar a bayan bango yake.

Bari mu duba yadda aka koya mana wannan harshe. Malami ya shigo aji, ya juya mana baya, ya cika allo da rubutu, mu kwafa. In ya waiwayo ya yi bayani da Hausa, ya ba da aikin gida, a kaɗa ƙararrawa. Shekara 12 muna haka. Har darasin da littafi ya ce malami ya karanta da ƙarfi, yara su rufe littafi su saurara su amsa tambayoyi, shi ma kan allo ake juye shi mu kwafa. Hausawa na cewa gani ya kori ji, suna nufin abin da ido ya shaida ya fi labari. A ajin Turanci na makarantunmu wannan karin magana ya tabbata ta mummunar hanya, domin gani ya kori ji har ya fitar da shi daga aji, ya rufe ƙofa.

Kada a ce na ɗora wa malamai laifin duka. Malami abin da za a tambaya a jarrabawa yake koyarwa, jarrabawar kuwa ba ta neman kunne. A takarda ta uku ta Turanci ta hukumar WAEC, wadda aka ce ta gwajin furuci ce, tambayoyi 60 ake bayarwa cikin minti 45, kuma a Nijeriya duk a rubuce suke. Yaro zai kalli alamar sauti a takarda, ya zaɓi kalmar da ta dace da ita, ya yi zane da fensir, ɗakin jarrabawa tsit. A ƙasashen Gana da Gambiya da Saliyo, hukuma ɗaya ce, amma can murya ake kunna wa ɗalibai su saurara su amsa. Ita ma JAMB tun 2015 ta koma yin jarrabawarta gaba ɗaya a kwamfuta, na'urar da ke iya magana, amma tambayoyin furucin nan dai da ido ake amsa su. Don haka sai mu haddace alamomin sauti kamar hatimi. Yaro zai gaya maka alamar wasalin da ke cikin kalma, in ka furta masa kalmar ya tsaya yana kallonka. Mu mutanen bakin ruwa mun san ba a taɓa koya wa yaro iyo a kan tudu ba. Wanda duk aka zana wa hoton iyo a allo shekara 12, sa'an nan aka tura shi tsakiyar Kwara, to a shirya masa likkafani.

Yanzu ga inda karatunmu na Hausa ya shigo, kuma a nan nake so 'yan'uwana masu ɗaure fuska su buɗe kunne. Duk wanda ya zauna ajin tsarin sauti ya san kunnen mutum da harshen uwarsa ake ƙera shi. Hausa tana da wasula 5, gajeru da dogaye, da tagwan wasali 2. Turancin Ingila da littattafanmu ke bi yana da sautin wasali wajen 20. Bahaushe ba ya bambanta sautin "p" da na "f", don haka "pan" da "fan" duk ɗaya ne a kunnensa. Ba mu da "v", sai mu ji ta kamar "b". Ba mu jera baƙaƙe barkatai ba tare da wasali ba, shi ya sa muka gyara kalmomin aro suka koma burodi da fensir da birki da sukurudireba. Ko bikin tseren jiragen ruwa da muke alfahari da shi a Yauri, watau Rigata, daga bakin Bature kakanninmu suka ji sunan, suka daidaita shi da nasu harshen. Babbar matsalar kuma ita ce, Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa ana ba ta haƙƙinta a furuci. Bature kuwa gaɓa ɗaya yake dannawa, ya haɗiye sauran, ya liƙa ƙarshen wannan kalma da farkon waccan. Ɗalibin da ya saba ganin kalmomi a jere, kowacce da filinta a takarda, in ya ji su a dunƙule sai ya rasa inda ɗaya ta ƙare, ɗaya ta fara. Wannan shi ne ciwon da ya kama ni a laccar nan. Ba ya jin maganin nahawu ko ƙamus, sai yawan ji.

Wani zai ce ai yaranmu ne ba su da ƙwaƙwalwar harshe. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zuwa kasuwar Yauri ba. Ƙasarmu ta tara Gungawa da Kambari da Shangawa da Dukawa da Lopawa da Fulani da Sarkawa masu su, ga Nufawa da Yarbawa da ke zuwa sayen kifi da albasa. Yaron Bagunge yana tashi da harshen gidansu, kafin ya shekara bakwai ya iya Hausa ras, ba allo ba alli. Dillalin kifi da bai taɓa shiga aji ba yana ciniki da Yarbanci, yana zolaya da Nufanci. Ƙannenmu mata suna fahimtar rabin abin da ake faɗa a fim ɗin Indiya tun kafin a fassara. Wa ya koya musu? Kunne.

Daɗin daɗawa, ga misalin da ya fi kowanne kusa da mu. A makarantar allo malam ne ke biyawa, almajiri ya ji ya maimaita, har bakinsa ya faɗa. Tun da Shaihu Mahmud Khalil Husari na Masar ya naɗi karatun Alƙur'ani cikakke a 1961, muryoyin manyan makaranta suka shiga duniya ta faifai da kaset, yau kuma ta katin memori. Je ka kowace Islamiyya a Yelwa, za ka sami yaro ɗan shekara goma yana fitar da haruffan Larabci daga mafitarsu, haruffan da babu su a Hausa, domin kullum yana jin su a wayar yayansa yana kwaikwayo. Ba wanda ya ce waya ta lalata wannan yaro. To, me ya sa dabarar da ta gyara mana Larabci ta zama abin ƙyama in an zo kan Turanci?

Koyar da harshe ta kunne daga nesa ba sabon abu ba ne. BBC ta fara darussan Turanci ta rediyo tun 1943. Muryar Amurka ta ɓullo da labarai cikin sauƙaƙan Turanci a 1959, da kalmomi wajen 1,500, ana karantawa a hankali don mai koyo. Amma rediyo yana da aibi guda: magana in ta wuce ta wuce, ba ka ce wa mai karanta labarai ya dakata ya sake. Wayar hannu ta kawar da wannan aibi. Kana iya tsayar da murya, ka mayar da ita baya sau goma, ka rage mata gudu, ka naɗi taka muryar ka gwada da ta mai magana. A ƙasar Bangaladash, wadda ita ma talauci da cunkoson aji suka dama, an fara wani shiri mai suna BBC Janala a 2009, inda mutum zai buga lamba a ƙaramar wayarsa ya saurari darasin Turanci na minti uku da bayani cikin harshensu na Bangali. An kuma ba malaman makaranta wayoyi ɗauke da darussan murya da 'yar lasifika su kunna wa yara a aji. Miliyoyin mutane suka amfana. Ko a nan gida, Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya tare da UNICEF sun buɗe dandalin Nigeria Learning Passport a 2022, mai ɗauke da darussa kyauta. Kayan aiki dai ga su nan zube, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Mutum uku ne suka tsaya a kan hanya, kuma zan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko shi ne shugaban makaranta ko uba mai ganin waya shaiɗan ce. Na san makarantar da in aka kama waya a hannun ɗalibi, a gaban taron safe ake fasa ta da dutse. Ban ce tsoronsu ba shi da tushe ba. Akwai ɓarna a waya, akwai satar amsa, akwai ɓata lokaci, duk na yarda. Amma ai ban ce a sakar wa kowane yaro waya da intanet ba. Waya ɗaya ta malami, da lasifika ɗaya irin wadda masu tallan magani ke ratayawa a kasuwa, sun ishi aji guda. A gida kuwa, ƙaramar wayar da ba ta shiga intanet tana ɗaukar memori. Wuƙar da ake yanka da ita, da ita ake fere doya, ba a taɓa hana ta shiga gida ba. Kuma yaran nan da ake fasa wa waya da safe, da yamma suna shagon caji ana tura musu waƙoƙi da finafinai. Hani bai hana komai ba, sai dai ya tabbatar da cewa abin banza kaɗai ke shiga katin.

Na biyu shi ne babban ma'aikaci da ɗan kwangila, waɗanda in aka ce ilmin zamani ba abin da ke faɗo musu a rai sai gini da kwamfutoci. Na taɓa ganin irin wannan ɗaki. An jera na'urori, an lulluɓe su da leda, an yanka kirtani, an ɗauki hoto, an sa kwaɗo. Har muka gama makaranta ba mu ji ƙarar ko ɗaya ba, domin babu wuta, babu mai a janareta, kuma mai riƙe da mabuɗi yana tsoron kada wata ta lalace a ce ya biya. Abin takaici, a bakin tafkin Kainji muke. Da aka gama madatsar a 1968, mutane fiye da 40,000 aka tasa daga garuruwansu da tsibiransu, cikinsu har da Gungawanmu, don ƙasa ta sami lantarki. An ja wutar zuwa manyan birane, an kai ta har Nijar, amma jikokin waɗanda aka tasa da yawansu a wurin mai sola ko mai janareta suke cajin waya. Duk shirin da ya dogara ga wutar da ba ta zuwa, jiran gawon shanu ne. Darasin murya na minti shida kuwa bai fi 'yan megabait kaɗan ba. Katin gigabait 2 zai ɗauki darasi fiye da 300. Mutum ɗaya ya sauke su inda akwai sabis, sauran su karɓa ta bulutut ko Xender ba tare da sayen data ba. Kuɗin fentin wancan ɗaki kaɗai ya isa a saya wa makarantun gunduma guda lasifika. Laifin wannan hanya ɗaya ne a wurin manya: ba ta da kwangila.

Akwai kuma wata fa'ida da mu mutanen Yauri bai kamata a tuna mana da ita ba. A 2020 annobar korona ta rufe makarantu wata da watanni. A watan Yuni na 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi ɗalibai da malamai, makarantar ta daɗe a rufe. Duk ranar da aka kulle makaranta, ɗakin kwamfuta da ita ake kulle shi. Darasin da ke cikin memori kuwa yana aljihun yaro, yana bin sa gona, yana bin sa cikin kwalekwale.

Na uku, kuma wanda maganarsa ta fi yi mini ciwo, shi ne ɗan'uwana na cikin wannan ƙungiya, mai cewa kishin Hausa shi ne a juya wa Turanci baya. Malam, da Turanci ka cika fom ɗin shigowa jami'a, da shi za ka yi hidimar ƙasa, da shi za a yi maka tambayoyi ranar neman aiki. Da shi likitan da aka turo daga Kudu zai yi wa mahaifiyarka bayani a asibiti, kai ne kuma za a kira ka yi tafinta. Kai ka riga ka haye, sai ka ce a janye jirgi? Ni ina cikin masu cewa da harshen uwa ya kamata a fara koyar da yaro. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida, Turanci kuma ya zama darasi a hannun gwanaye, ya nuna yaran ba su gaza a Turancin ba. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ba harshen uwa shekarun farko na firamare, manufar harshe ta ƙasa ta 2022 ta ƙara zuwa shekara shida, sai ga shi a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi ya ba da sanarwar an soke, an koma Turanci tun daga tushe. Wannan mataki ban yarda da shi ba, kuma faɗa ne da ya kamata ƙungiyarmu ta yi da babbar murya. Amma kafin mu ci nasara, ƙanena yana aji biyu a Yelwa, ana so ya koyi lissafi da harshen da bai taɓa ji ana hira da shi ba. Sai mu zuba masa ido har a gama muhawara?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baturen da ya tsara darasi a Landan bai san Bahaushe yana jin "p" kamar "f" ba, bai san abin da ke rikita Bakambare ba. Mu ne muka karanta tsarin sautin Hausa, mu ne kuma muka sha wuyar Turanci da kanmu. Saboda haka ga abin da nake kira gare shi, ba kuma sai mun jira gwamnati ba.

Ƙungiyarmu ta haɗa hannu da ɗaliban sashen Turanci, mu naɗi gajerun darussa na minti biyar zuwa goma. Bayani da Hausa, misalai da Turanci. Zancen ya zama na abin da yaro ya sani: cinikin kifi, hawan jirgi zuwa tsallake, zuwa asibiti, neman hanya a tasha. A fara da muryar ɗan Nijeriya mai fitar da kalma sosai, irin ta masu karanta labarai, domin ita ɗalibinmu zai fi haɗuwa da ita a lacca da ofis. Sa'an nan a shigo da ta mutumin Kudu mai sauri, da ta Ingila, da ta Amurka. Hanyar amfani da darasin kuwa mai sauƙi ce. Yara su ji sau biyu ba tare da takarda ba, a tambaye su da Hausa abin da suka gane. Su ji na uku suna duba rubutun, don su ga inda kalmomi suka liƙe da juna. Sa'an nan a yi shifta, a tsayar da murya jimla jimla su rubuta. Daga ƙarshe su maimaita da bakinsu, kamar yadda ake biya allo. Minti goma sha biyar kullum ya fi sa'a uku ranar Asabar.

Na gwada wannan a hutun da ya wuce, da ƙanwata da ƙawayenta huɗu a zauren gidanmu, da tsohuwar wayata. Ba zan ce sun zama Turawa ba. Amma ranar farko dariya suka yi ta yi, suna cewa matar da ke magana tana da ruwa a baki. Mako na biyar, ƙanwata ta tsayar da muryar da kanta, ta ce, "Yaya, mayar baya, na ji ta ce jirgin ya makara, amma ban ji dalili ba." Ni sai da na shekara a jami'a kafin in iya irin wannan tambaya.

Ina kuma roƙon malamanmu da shugabanninmu, musamman na masarautar Yauri, wadda Allah ya ba ta sarki masanin ilmi, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da su sa baki a nemi hukumomin jarrabawa su riƙa gwada kunne da murya, kamar yadda ake yi a Gana. Ranar da jarrabawa ta fara neman ji, ranar kowace makaranta za ta nemo lasifika ko ba a ce mata ba.

Mu kuma ɗalibai, hutu na tafe. Kowa ya sayi memori ɗaya, ya cika shi, ya tafi da shi garinsu, ya tara ƙannensa. Wanda ke son shiga aikin naɗar darussan ya ba sakataren ƙungiya sunansa kafin a tafi. Wanda kuma yake ganin na yi kuskure, ina jiran amsarsa a wannan shafi. Allah ya buɗe mana kunnuwa, ya sa mu amfani na bayanmu.